Rupert East (1898–1975): Baturen da Ya Auna Rubutun Boko da Idon Mai Karatu

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi rayuwar Dokta Rupert Moultrie East, wanda ya jagoranci Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya a Zariya, ta wata fuska da ba a cika dubansa da ita ba, wato ta mai ƙera kayan aiki domin su dace da hannu da idon wanda zai yi amfani da su. An auna ayyukansa da ma'aunin fannin da a yau ake kira injiniyancin sauƙin amfani, an kuma ɗauki sunayen wasu garuruwan ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a matsayin abin gwaji.

1.0 Gabatarwa

Sunan garin Ƙanƙara yana ɗauke da baƙin ƙ har guda biyu, amma a galibin allunan kan hanya da takardun hukuma da katunan shaida ba a samun ko ɗaya. Kankara ake rubutawa. Ɗan gari ba ya ruɗewa, domin ya san sunan garinsu tun kafin ya san baƙi da wasali. Baƙon da ya koyi Hausa a littafi kuwa, abin da zai furta ya fi kusa da kankarar ƙanzo a gindin tukunya, wadda ba abin da ya haɗa ta da ƙanƙarar da ke zubowa tare da ruwan sama. Haka abin yake ga 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara da 'Yankara ta ƙasar Faskari, waɗanda alamar farkon sunansu kan faɗi a hanya, da kuma Dungun Mu'azu ta Sabuwa. Ita Pauwa, wadda hakimin Ƙanƙara ke riƙe da sarautarta, tata matsalar daban ce: ana rubuta ta da baƙin da ba ya cikin jerin baƙaƙen daidaitacciyar Hausa, wasu kuma Fauwa suke rubutawa.

'Yar ƙugiyar nan da ke ɓacewa daga kan ƙ tana da tarihi, kuma tarihin nata ya ratsa ta hannun Rupert East. Manazarta adabi sun fi saninsa da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da dangantakarsa da Abubakar Imam. Sai dai idan aka jera ayyukan nasa aka dube su gaba ɗaya, za a ga tambaya guda ce ke yawo a ƙarƙashinsu: me zai sa Bahaushen da ya koyi boko ya iya karanta abin da aka buga ba da wahala ba, kuma ya so ya ci gaba da karantawa?

Wannan tambaya ita ce ginshiƙin wani fanni da bai sami suna ba sai bayan East ya bar aiki. Tushensa yana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 wani matashin hafsan sojan Amurka, Alphonse Chapanis, ya lura cewa matuƙan jirgin sama samfurin B-17 kan janye tayoyin jirgi a lokacin sauka, ba don sakaci ba, sai don makunnin tayoyi da na fikafikai kamarsu ɗaya kuma suna dab da juna. Da aka maƙala wa ɗaya 'yar taya, ɗaya kuma aka ba shi siffar fiffike, hannu ya riƙa bambance su ko ido bai duba ba. A 1947 Paul Fitts da Richard Jones suka nazarci kurakurai 460 da aka ɗora wa matuƙa, suka nuna cewa da yawansu daga tsarin na'urar suka taso. Daga nan tunanin ya shiga duniyar kwamfuta, har Jakob Nielsen ya fitar da littafinsa a kan fannin a 1993, sannan a 1998 ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 9241-11 ya taƙaita sauƙin amfani a abubuwa uku: mutum ya cim ma abin da ya nufa, ya cim masa ba da ɓarnar lokaci da ƙarfi ba, ya kuma gamsu. Ma'aunin ya ƙara wani sharaɗi mai nauyi, cewa ba a maganar sauƙi sai an fayyace ga wa da kuma a wane hali. A kan wannan sharaɗi ne nasarar East da gazawarsa suka rataya.

2.0 Kafin Zariya

An haifi East a 1898, ya yi karatu a Jami'ar Oxford, ya kuma shigo Ma'aikatar Ilimi ta Arewacin Nijeriya a 1924. Ba da Hausa kaɗai ya yi mu'amala ba. Ya zauna a ƙasar Tibi ya koyi harshensu, har daga baya ya fassara rubutun Akiga Sai a kan tarihi da al'adun Tibi zuwa Ingilishi, aka buga shi a 1939 da sunan Akiga's Story. Ya kuma tattara labaran Adamawa ta dā cikin Fulatanci tare da fassara. Wannan ya nuna ɗabi'ar da ta bi shi har ƙarshen aikinsa: ya fi son ɗan ƙasa ya rubuta da bakinsa, shi kuma ya tsaya a gefe da alƙalamin gyara. Ko alƙalamin ya tsaya a gefen da gaske, wannan wata magana ce da za a dawo kanta.

Bokon da East ya tarar bai kai shekara talatin a hannun gwamnati ba. Tun zamanin Lugard aka yanke shawarar rubuta Hausar mulki da baƙaƙen Romawa maimakon ajami. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Amma rubutun bai zauna ba. Kowace mishan da kowane jami'i da kowane mai ƙamus yana da tasa dabarar, musamman a kan sautuka ukun da baƙaƙen Ingilishi ba su tanada ba, wato haɗiyau biyu, ɓ da ɗ, da tunkuɗau ƙ.

3.0 Ɗigo, Waƙafi da Ƙugiya

An kafa Hukumar Fassara a 1929 domin samar wa makarantu littattafai, kuma a farkon shekarun 1930 aka danƙa wa East ragamarta a Zariya. A 1933 ta koma Hukumar Talifi, canjin sunan da ke nuna canjin manufa, daga juya littattafan wasu zuwa ƙirƙirar na gida. Daga cikin ayyukan farko akwai Labaru Na Da Da Na Yanzu, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu mai juzu'i biyu, wanda aka fassaro daga rubuce-rubucen Larabci na malaman ƙasar nan.

Duk wanda zai buga littafi da yawa dole ya yanke hukunci a kan baƙaƙen nan uku. Hanyoyi uku ne a gaban East. Ta farko ita ce a ƙyale su, a bar mai karatu ya cinka, ya bambanta baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, fada da faɗa daga muhallin magana. Ta biyu ita ce ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wadda masu ƙamus irin su C. H. Robinson suka bi, ta kuma shiga littattafan makaranta. Ta uku ita ce waƙafin sama, wadda G. P. Bargery ya yi amfani da ita a babban ƙamusunsa na 1934, inda ya sa alamar a gaban b da d, a bayan k.

Kowace daga cikin biyun na ƙarshe tana da illa, kuma illar ta aiki ce, ba ta ilimin furuci ba. Ɗigo abu ne da ke zaman kansa. Mai rubutu da hannu sai ya gama baƙi, ya ɗaga alƙalami, ya dawo ƙasa ya ɗiga, kuma duk abin da ake komowa a yi daga baya shi ne abin da ake mantawa. A wajen bugu, ɗigon dalma yakan lalace ko tawada ta cinye shi, idan kuma aka ja layi a ƙarƙashin kalma ya ɓace ɗungurungum. Waƙafin sama kuwa ya riga ya sami wasu ayyukan: shi ne hamzar da ke cikin Mu'azu da sa'a, shi ne kuma ke buɗe zancen wani ya rufe. Jimlar da ta tara hamza da zancen wani da haɗiyau biyu ko uku takan zama kamar an watsa wa takarda gero. Wannan ita ce matsalar makunnai biyu masu kama ɗaya da Chapanis ya gano a jirgi, sai dai a nan ido ne ke tuntuɓe ba hannu ba, kuma ɗan makarantar da ya yi tuntuɓen shi ake dora wa laifin rashin kula.

Mafitar ta zo ne daga wata cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka da aka kafa a Landan a 1926, wadda Farfesa Diedrich Westermann na Jami'ar Barlin yake cikin shugabanninta. Cibiyar ta fitar da jagorar rubuta harsunan Afirka a ƙarshen shekarun 1920, ta sake gyara ta a 1930, kuma babbar hujjarta ita ce a guji alamomin da ke rataye a sama ko ƙasan baƙi, a ba kowane sauti baƙinsa sukutum. Bayan tuntuɓar juna tsakanin East da Westermann, sai baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka shiga littattafan Hukumar Talifi a cikin shekarun 1930, suka kuma zama hanyar gwamnati. Hikimar ƙugiya ita ce a jikin baƙin take. Da zana baƙin da zana ta duk tafiyar alƙalami ɗaya ce, ba ta faɗuwa ita kaɗai a wajen bugu, kuma wanda ya saba da k ba zai kasa gane ƙ ba ko da yau ya fara ganinta. An sami bambanci ba tare da an jefar da kamanni ba. Masu tsara fuskar manhaja a yau sukan sha wahala kafin su dace da irin wannan daidaito.

Akwai kuma abin da aka bari da gangan. Littattafan Hukumar ba su nuna karin sauti ba, ba su nuna tsawon wasali ba, ba su kuma raba ra-gare da ra-kaɗe ba, alhali Bargery, da R. C. Abraham a nasa ƙamusun na 1949, sun nuna cewa ana iya yi. Sakamakon haka gado na kwanciya da gado na magada rubutunsu ɗaya, haka faɗa ta rikici da ta furtawa da ta aukawa rami. Masanin harshe zai kira wannan naƙasu, kuma yana da gaskiya. Amma zaɓi ne na wanda ya san wa yake yi wa aiki. Mai harshen yana cike giɓin da kansa, shafi kuma ya fita fes, bugu ya yi arha. Baƙo mai koyo aka sadaukar domin ɗan gida, kuma a cikin ofishin Turawan mulki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

4.0 Gwajin Farko da Rabon Aiki

Samun baƙaƙe masu kyau bai wadatar ba idan babu abin karantawa. East ya lura cewa yaran da suka bar makarantar elementare ba su da abin da za su buɗe don nishaɗi, kuma karatun da ba a amfani da shi zubewa yake yi. Saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai masu tsawon kimanin kalmomi 20,000. Bai sha da daɗi ba, domin a idon malaman zamanin rubutu na addini ne da tarihi da waƙa, ƙagen labari kuwa aikin mata ne da yara a dandali. Duk da haka aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda ke ɗauke da sunan John Tafida da na East kansa. Katsina tana da babban kaso a wannan girbi, domin Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin, wansa Bello Kagara malami ne a can, Tafawa Ɓalewa kuma tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne.

Ya kamata a lura da sunan da East ya ba maƙalar da ya rubuta a kan wannan aiki a mujallar Africa a 1936, domin ya kira shi gwaji na farko ne, ba kammalallen abu ba. A yaren masu sauƙin amfani, littattafan nan biyar samfura ne: ƙanana, masu arha, kowane da irin salonsa, an sake su domin a ga wanda zai karɓu. Mai tsara manhaja a yau yakan fara da zane a takarda da fensir, ko ya haɗa fuskokin gwaji a Figma ko Balsamiq, ya miƙa wa mutum biyar ko shida ya zuba ido ya ga inda za su tsaya cak. East ba shi da ɗakin gwaji. Abin da yake da shi shi ne ajin makaranta, da bakin malamai, da adadin kwafen da suka fita daga sito. Darasin da ya ɗauka a fili yake cikin matakinsa na gaba: a 1936 ya nemo aron Imam daga Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Gabas da na Turai, aka zauna aikin da ya haifi Magana Jari Ce mai juzu'i uku. Salon da ya yi nasara a gwajin farko, wato gajerun labarai masu ban dariya da aka zura a zare guda cikin Hausar baka, shi aka faɗaɗa.

A nan ne kuma rabon aiki ya fito sarari. Kamfanin manhaja na zamani yana da mai binciken masu amfani, da mai tsara fuska, da marubucin 'yan kalmomin da ke kan madannai, da injiniya, da mai gwaji. Ofishin Zariya ma yana da nasa jerin: malamin da ke fassaro Larabci, marubucin da Hausa ke bakinsa, edita, mai zanen hotuna, mai jera baƙaƙen dalma, mai duba gwajin bugu, da wanda zai kai littafi kasuwa. Bambancin shi ne kujeru da dama daga cikin waɗannan East ne a kansu shi kaɗai. Shi ne mai binciken abin da masu karatu ke so, shi ne mai yanke hukuncin abin da ya dace su so, shi ne kuma mai gyaran ƙarshe. Fannin sauƙin amfani yana da ƙa'ida cewa wanda ya tsara abu bai kamata ya zama alƙalin gwajinsa ba, domin ido ba ya ganin kansa. Sunan East da ke kan bangon Jiki Magayi shaida ce ta gaskiya a kan yawan sa hannunsa a wannan littafi. Sauran huɗun ba su ɗauki sunansa ba, amma ta teburinsa suka bi, kuma manazarta sun daɗe suna muhawara a kan iyakar abin da za a kira muryar marubuci da abin da za a kira ɗanɗanon edita a cikinsu. Imam dai bai taɓa ɓoye cewa a hannun East ya koyi sana'ar rubutu ba.

Batun kalmomin aro ma ya dame shi, har ya rubuta maƙala a kansa a mujallar Africa a 1937. Matsayin da ayyukan Hukumar suka nuna matsakaici ne: kalmar da ta riga ta zauna a bakin mutane, kamar mota da kwabo da asibiti, a rubuta ta yadda ake faɗinta, wadda ba ta zauna ba, a bayyana abin da Hausa maimakon a cusa ta. Littafin kimiyya na Ikon Allah, wanda ya rubuta tare da Imam, shi ne babban fagen da aka gwada wannan.

5.0 Gaskiya

A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana editan Hausa, East yana sama da shi. Gwamnati tana da tata manufar, wato kashe jita-jita a daidai lokacin da yaƙi ke ƙaratowa. Amma ta fuskar da ake magana a kai, jaridar ta ba East abin da littafi bai ba shi ba: amsa daga masu karatu a kai a kai. Wasiƙun da ke shigowa daga garuruwa suna nuna abin da aka fahimta da abin da ya shige duhu, suna kuma nuna yadda mutane ke rubuta Hausar da kansu. Maimaita ƙa'ida ɗaya a kowace fitowa ya yi wa daidaitacciyar Hausa abin da doka ba za ta iya yi ba, har ya zama idan ana neman misalin daidaitaccen rubutu sai a ce Hausar Gaskiya. Da aka ga jaridar ta yi wa sababbin masu karatu nauyi, sai aka fito da Jakadiya mai sauƙin harshe, wanda ke nuna an gane cewa masu karatu ba aji ɗaya ba ne.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da maɗaba'arsa, East yana shugabanta. Burinsa shi ne wurin ya zama wata 'yar al'umma inda Bature da ɗan ƙasa za su yi aiki kafaɗa da kafaɗa. Burin bai cika yadda ya so ba, domin bambancin matsayi da ke cikin tsarin mulkin mallaka bai tsaya a bakin ƙofar kamfanin ba, kuma ma'aikata 'yan ƙasa sun ji shi a jikinsu. A farkon shekarun 1950 East ya ajiye aiki ya koma Ingila, inda ya rasu a 1975. Abin da ya bari ya ci gaba a hannun Hukumar NORLA da shirin Yaƙi da Jahilci, lokacin da kowane lardi ya sami 'yar jaridarsa, Katsina ta sami Himma, sannan Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta ɗauki aikin ƙa'idojin rubutu.

6.0 Wanda Ba a Auna da Shi Ba

Sharaɗin nan na fayyace wa ake yi wa aiki shi ne inda ya kamata a tsaurara wa East. Mai karatun da ya sa a gaba ɗan makarantar boko ne, ko ma'aikacin En'e, kuma a shekarun 1930 waɗannan 'yan tsiraru ne. A ƙauyukan kudancin Katsina, inda manoman auduga ke kai kayansu kasuwannin yankin Funtuwa, wanda ya iya karatu a makarantar allo ya koya, kuma da ajami yake rubuta wasiƙa da lissafin bashi da waƙa. Wannan mutum ba jahili ba ne, yana da kayan aikinsa, kuma kayan nasa sun riga sun warware wasu matsalolin da boko ke fama da su. Ajami ya daɗe da ware wa ɗ baƙin ط, ya ware wa ƙ baƙin ق, kuma yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, abin da boko ya zubar. Yana da nasa raunin, musamman wajen raba b da ɓ da kuma rashin daidaito tsakanin gari da gari, amma rauni ne da za a iya gyarawa da an ba shi rabin kulawar da aka ba boko. Ba East ya yanke hukuncin fifita boko ba, ya tarar da shi. An ma ɗan buga wasu takardun labarai da ajami a zamanin yaƙi. Sai dai gwanintarsa ce ta sa hukuncin ya kafu, domin da bokon ya ci gaba da zama a hargitse da bai yi wa ajami nisa haka ba. Ranar da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, malamin da ya haddace Alƙur'ani yana cikin waɗanda aka kira su zo su koyi abacada.

Haka kuma batun karin harshe. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, ko da yake ofishin a Zariya yake kuma manyan marubutansa a Katsina suka yi karatu. Yaron da ya tashi a 'Yankara, a kan iyakar Katsina da Zamfara, wanda kunnensa ya saba da shina da hwaɗi, dole ya koyi rubuta yana da faɗi. Wannan farashi ne da kowane daidaitawa ke karɓa, kuma da wuya a ce bai cancanci a biya ba, amma ba kowa ya biya daidai da kowa ba.

7.0 Ƙugiya a Gaban Na'ura

East ya auna baƙaƙensa da alƙalami da injin dalma, kuma a kansu sun ci jarrabawa. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun tabbatar da su, Nijar ma ta ƙara ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Na'urorin da suka biyo baya ne ba a ƙera su da Hausa a zuci ba. Tafiretar Ingilishi ba ta da su, shi ya sa kundayen digiri da yawa a sassan Hausa na jami'o'i aka buga su da k da d da b, aka bi da biro ana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta zo, sai aka ƙirƙiro nau'o'in rubutu na musamman, irin su Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu a shekarun 1990, waɗanda suka ɗora baƙaƙen a kan madannan da Hausa ba ta amfani da su. Dabarar ta yi aiki matuƙar nau'in rubutun yana cikin kwamfutar mai karatu. Idan babu shi sai ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya, kuma akwai tsofaffin maƙalun Hausa a intanet da wannan cuta ta kama.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙin lambarsa, amma ya zo da nasa abin mamakin. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilimin furuci, manyansu da ƙ kuma suna wani rukunin, saboda haka akan sami nau'in rubutun da ke da wasu ba shi da wasu, kalma ɗaya ta fito da baƙi biyu masu siffa daban ko da ɗan akwati a tsakiya. A saƙon tes na waya, saka ƙ guda ɗaya yakan rage adadin baƙaƙen da saƙo ɗaya ke ɗauka daga 160 zuwa 70, wato mai bin ƙa'ida ya fi mai karya ta biyan kuɗi. Madannan waya irin su Gboard sun sauƙaƙa shigar da su, amma sau da yawa sai an danne baƙi an jira, wanda ya mayar da ƙugiya abin da ake komowa a yi, daidai illar da aka guje wa a wajen ɗigo.

Mafi ban sha'awa shi ne abin da ke faruwa wajen bincike. A tsarin Unicode, k mai ɗigo a ƙasa ana iya warware ta zuwa k da ɗigo, don haka na'ura tana iya sanin cewa 'yan gida ɗaya ne. Ita ƙ ba ta warwaruwa, baƙi ce mai zaman kanta, kamar yadda East da Westermann suka nufa. Sai an koya wa manhaja da gangan kafin ta san akwai dangantaka tsakaninta da k. Saboda haka a rumbunan bayanai da kundayen laburare da yawa, ɗalibin da ya nemi Ƙanƙara ba zai ga abin da aka ajiye da sunan Kankara ba, wanda ya nemi Kankara kuma ba zai ga na Ƙanƙara ba, alhali gari ɗaya ake nufi.